Ganyen da Sarkin Magani Ya Watsar

Ina da shekara goma sha ɗaya Baba ya ɗauko mahaifiyarsa daga Jos ya kawo ta Dubai don a yi mata aikin yanar ido. Iya muke kiranta. An ce wata biyu za ta yi, sai ga shi ta ci sanyi biyu tare da mu a unguwar Abu Hail, a wani ɗan filat mai ɗaki biyu da falo, hawa na uku. Farkon shekarun dubu biyu ne, ko maganar jirgin ƙasan cikin gari ba a fara ba.

Iya ta tsani esi, na'urar nan mai sanyaya ɗaki. Cewa take sanyin ƙarya ne, mai shiga ƙashi ba sallama. Don haka da an idar da sallar magariba sai ta ja tabarmarta zuwa baranda, ta hura gawayi a kaskon turaren wutan Umma, ta ɗora butar shayi. Barandar ba ta fi faɗin katifa ba. In muka zauna mu biyu, gwiwata na taɓa ƙarfen gefe, tata na taɓa kaskon. Natur, wato mai gadin ginin, ya hawo sau biyu yana ta "mamnu, mamnu", wai an hana wuta a baranda. Iya ta saurare shi tsaf duk da ko kalma ɗaya ba ta ji, sannan ta ƙulla masa turare a takarda ta ce in gaya masa ya aika wa matarsa. Bai ƙara hawowa ba.

Daga magariba zuwa kiran isha'i, wannan ne lokacin labari. Jirage suna wucewa ta kanmu ƙasa-ƙasa za su sauka, sai ta yi shiru har ƙarar ta lafa, ta ɗora daga kalmar da ta tsaya.

Labaran Iya ba irin na sauran kakanni ba ne. Ta yi shekara ashirin tana aiki a wani asibitin mishan, tana wanke bandeji, tana riƙe mata masu naƙuda. A nan ta zauna da wata tsohuwar Sista 'yar ƙasar Ailan, mai jin Hausa kamar jakin Kano. In suna naɗe bandeji sai su yi musaya: Iya ta ba ta tatsuniya, ita kuma ta ba Iya labarin abubuwan da kakanninta suke bauta wa tun kafin su san coci. Iya ta ce ranar da ta fara ji sai da ta riƙe baki. "Ashe Turawa ma suna da Maguzawansu," in ji ta. "Suna da na rafi, suna da na ƙira, suna da na yaƙi, maza da mata, tamkar namu na dā." Sai da na girma na gani a littafi cewa Keltawa ake kiran mutanen. A wurin Iya dai Maguzawan Turawa ne har ta koma ga Allah.

Kafin ta fara sai ta ɗaga yatsa ɗaya ta ce, "Allah ɗaya ne." Ni kuma in ce, "Ba shi da na biyu." Sai ta ce, "To, mun ɗaure jakinmu. Mu shiga kasuwar Maguzawa." A haka na san matar nan mai rikiɗa hankaka, wadda take wanki a mashayar rafi, duk mayaƙin da ya ga rigarsa a hannunta ya san ba zai koma gida ba. A haka na san ƙaton nan mai tukunyar da ba ta ƙarewa, wanda Iya ke cewa da shi aka aura mata da ba ta san ciwon kafaɗa ba. Sunayensu kam ba ta riƙe ko ɗaya ba. Ta ce sunaye ne da sai ka cika baki da tuwo mai zafi kake iya faɗa, don haka ta raba musu sarautu irin namu.

Cikin duk labaran nan, ɗaya ne ba na iya tunawa ban ji nauyi a ƙirji ba. Amma sai na faɗi halin da gidanmu yake ciki kafin a gane dalili.

Baba yana aiki a wani ofishin kago a Alkhabaisi, masu aika kaya Kano. Wannan shi ne abin da ke cikin takardarsa. Amma a wurin Hausawan yankin Deira, mai ɗori ne. Ya gada wurin mahaifinsa, shi ma ya gada wurin nasa. Duk wanda ya karye kuma yana tsoron asibiti don iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, gidanmu ake kawo shi. Baba yana da wata jakar fata a ƙarƙashin gado. A ciki akwai tsagaggen gora, da kwalbar man shanu da aka haɗa da magani, da ƙulle-ƙullen garin saiwoyi a tsumma, babu rubutu a jikin ko ɗaya, da hanci yake gane su. Akwai kuma addu'ar da yake yi ƙasa-ƙasa yana tofawa, wadda ba wanda ya taɓa jin kalmominta. Yayana Munzali, shi kaɗai ne ɗa namiji a gidan, yana da shekara goma sha tara, yana karatun gashin ƙashi a wata kwaleji. Tun yana ɗan shekara goma yake riƙe wa Baba hannun majinyata, amma ba a ba shi sunan saiwa ko ɗaya ba, balle addu'ar. Kullum Baba yakan ce wa Umma lokaci bai yi ba.

Ga kuma kunya. Baba ɗan farin Iya ne, Yaya kuma ɗan farin Baba. Iya ba ta faɗin sunan Baba, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Yana zaune a gabanta za ta ce, "Ku gaya wa ubanku an gode da lemo." Shi ma Baba bai taɓa kiran Yaya da suna ba, sai "yaron nan". Ka ga gida mai ɗaki biyu, mutum uku ba sa iya fuskantar juna su yi magana. Ni ce 'yar aike, kuma wallahi aikin ya ishe ni.

A sanyi na biyu aka kawo wani Malam Isiyaka, mutumin Zangon Kumasi, ɗan dako a wani sito a Alƙusais. Akwatin katako ya faɗo masa a hannu. Baba ya ɗora shi, Yaya ya riƙe. Da aka kwance bayan mako shida, sai aka ga ƙashin ya haɗe a karkace. Bawan Allah ba ya iya juya tafinsa, ba ya iya damƙar komai, kuma a wurin aiki an fara maganar sallamarsa. Yaya ya ce wa Umma tun ranar ɗorin ya ji ƙashi biyu ne suka karye, ɗaya ya zame. Umma ta ce me ya hana shi faɗa. Ya ce da wane bakin? Abin da ya yi shi ne ya ɗauki Malam Isiyaka a ɓoye, tunda shi takardunsa lafiya lau suke, ya kai shi asibiti. Aka ɗauki hoto, aka sake karya ƙashin, aka sa masa ƙarfe. Bayan wata biyu ya koma bakin aikinsa.

Da Malam Isiyaka ya yi shiru da an wuce wurin. Amma mutumin kirki ne, bai iya ɓoye godiya ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, inda Hausawa ke tsayawa ana gaisawa, ya dinga ɗaga hannu yana juyawa, yana sa wa Yaya albarka a gaban kowa. Sai wani ɗan kasuwa mai dogon baki ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Alhaji, ashe yanzu ɗan na koya ya fi ɗan na gada." Aka yi dariya. Shi da ya faɗa ƙila kafin ya kai gida ya manta.

Baba ya dawo bai ci abinci ba. Ya kira Umma ɗaki, amma bangon filat ɗin nan ba ya riƙe sirri. Ya ce iƙamar yaron nan za ta ƙare ƙarshen wata, shi ne kafilinsa, wato da sunansa yake zaune a ƙasar, kuma ba zai sa hannu a sabunta ba. Ya tafi inda zai je ya fi ubansa. Ya ce kuma ranar da zai tafi zai faɗa masa maganar da za ta bi shi har kabari. Kowa ya san abin da yake nufi, baki zai yi masa. Saura kwana tara wata ya ƙare, fasfon Yaya kuma yana kulle a jakar aikin Baba.

Umma ta durƙusa ta yi kuka, Baba ya ce, "Khalas, magana ta ƙare." Yaya ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa yana ba da haƙuri, Baba ya raɓa ta gefensa ya wuce kamar ya ga takalmi. Daga nan Yaya ya koma kwana wurin wani abokinsa. Iya kuwa ta yi kwana shida ba ta ce uffan ba. Tana hura wutarta, tana shan shayinta, babu labari. Na ji haushinta ƙwarai. Na ce, "Iya, ke ba za ki yi magana ba? Ɗanki ne fa."

Ta ce, "Shekara hamsin ban yi masa magana ba, ƙawata. Kina tsammani ƙofar da ta yi tsatsa haka da ƙafa ake bankaɗa ta?"

Saura kwana uku. Tun ranar Juma'ar nan Baba ya daina zama a masallaci tsakanin magariba da isha'i, don kada ya haɗu da mutane. Yana idar da salla sai ya dawo ya zauna a falo da carbi, ko talabijin ba ya kunnawa. A wannan yammacin Iya ta hura wuta, ta jira gawayi ya yi ja, sannan ta ce, "Ƙawata, buɗe ƙofar falon nan."

Na ce, "Iya, hayaƙi zai shiga."

"Shi nake so ya shiga."

Na buɗe. Ta ɗaga yatsa ta ce Allah ɗaya ne, da murya sama da yadda ta saba. Na amsa. Daga inda nake zaune ina ganin ƙafafun Baba da ƙarshen carbinsa.

"A ƙasar Sista," in ji Iya, "inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, waɗannan abin bautar nasu suna da sarki, jarumi, mai adalci. Aka fita yaƙi, abokin gaba ya kai masa sara ya cire masa hannun dama. To su a dokarsu mai naƙasa ba ya sarauta. Ko yatsa ka rasa sai ka sauka. Sarki ya sauka, aka naɗa wani marowaci, wanda baƙo ba ya fita daga gidansa da maiƙo a baki. Ƙasa ta shiga uku."

Ta ce suna da Sarkin Magani, tsoho, wanda ba a taɓa kawo masa ciwon da ya gagare shi ba. Yana da ɗa namiji da 'ya mace, duka a gindinsa suka tashi suna riƙe masa ƙwarya. Shi ne ya zauna da maƙeri suka ƙera wa sarki hannun azurfa, hannu na gani na faɗa, kowace yatsa tana motsi. Jama'a suka yi ta zuwa kallo suna yaba tsoho. "Amma azurfa azurfa ce," in ji Iya. "Ba ta jin zafi, ba ta jin sanyi. In sarki ya shafa kan ɗansa bai san ya shafa ba. Su kuma masu doka suka ce har yanzu mutumin bai cika ba."

Ɗan Sarkin Magani ya duba ya ga aikin da saura, amma bai iya faɗa wa ubansa ba. Sai ya je ya tono hannun na ainihi inda aka binne shi, ya mayar a mazauninsa, ya bi jijiya ɗaya-ɗaya yana haɗawa, ya yi ta jinya kwana uku sau uku. Rana ta tara sarki ya dunƙule hannu, jini ya gudana a ciki. Aka kori marowaci, sarki ya koma gadonsa.

Jirgi ya zo wucewa, Iya ta jira shi. Da ya wuce sai ta ce, "Ƙawata, wa ya koya wa yaron nan magani?"

Na ce, "Babansa."

"To aikin wa ya warkar da sarki ke nan?"

"Na babansa."

"Ni ma haka na ce wa Sista. Amma shi tsohon bai ga haka ba. Shi dai ya ji ana cewa ɗa ya fi uba."

Ta ɗauki cokalin da take juya gawayi da shi, ta buga gefen kasko sau ɗaya. Ta ce tsoho ya zare takobi ya sari ɗansa a ka, ya yanka fata. Yaro ya shafa wurin ya warke. Ta sake bugawa. Sara na biyu ya kai ƙashi, yaro ya warkar da kansa, yana nan durƙushe. Ta buga na uku. Wannan ya kai har fatar ƙwaƙwalwa, nan ma ya warke. "Sau uku ana ba tsohon nan dama ya mayar da takobi kube," in ji Iya. Na huɗun ba ta buga ba, ajiye cokalin kawai ta yi. "Sarkin Magani ya sunkuya ya duba, ya ce wannan kam babu mai iya warkar da shi. Ya san aikinsa ai. Ya haƙa rami ya binne ɗansa da hannunsa."

A falo carbi ya daina motsi. Iya ta fara tattara bakin zanenta, alamar ta gama.

A nan ne na yi abin da har yau nake cizon yatsa a kai. Yarinya ce ni, ban gane cewa ba don ni ake labarin ba. Na ce, "Shi ke nan? Ai kin ce yana da ƙanwa. Ina ƙanwar?"

Iya ta harare ni. Ban fahimta ba, na sake cewa, "Ina ƙanwar, Iya?" Ita kuwa tana da wata ƙa'ida, ba ta yanke labarin da Sista ta ba ta in an tambaya, cewa take amana ce ta mamaciya. Ta ja dogon numfashi ta ci gaba, muryarta ta yi ƙasa, amma ƙofa a buɗe take.

Ta ce da damina ta zagayo sai ganyaye suka tsiro a kan kabarin, adadin kwanakin shekara, kowanne daidai gaɓar da yake yi wa magani, na kai a wajen kai, na gwiwa a wajen gwiwa. Ƙanwar ta zo ta shimfiɗa mayafinta, tana tsinka tana jerawa, tana riƙe sunan kowanne da aikinsa. Da ta gama, da babu sauran ciwon da zai gagari ɗan Adam. Saura kaɗan sai ga uban ya zo ya tsaya a kanta. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya kama bakin mayafin ya kaɗe, iska ta kwashe ganyen ta cuɗanya su. "Shi ya sa har yau, in ji Sista, ganye yana daji, ciwo yana gida, amma ba wanda ya san wanne ne na wanne, sai ɗan abin da aka tsinta. Nan ta tsaya, nan na tsaya."

Daga cikin falo Baba ya ce, "Hindatu."

Na miƙe na tsaya a bakin ƙofa, ƙafata ɗaya a baranda, ɗaya a falo.

"Ki gaya wa kakarki nan gidan Musulmi ne. Ba a kawo mini zancen gumaka."

Ban ma juya ba Iya ta ce, "Ki gaya wa ubanki shi ya sa na kawo. Wancan tsohon bai san Allah ba, ba shi da littafi, ba shi da uwa a raye. Ki tambaye shi, shi mene ne uzurinsa?"

Baba ya ce, "Ki ce mata maganar nan tsakanina da yaron nan ce."

Sai na ji Iya tana miƙewa, gwiwoyinta suna ƙara. Ta dafa kafaɗata ta matsar da ni gefe, ta shiga falon ta tsaya a gabansa. Ta dubi tsakar idonsa ta ce, "Sama'ila."

Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Umma da ke kicin ta saki murfin tukunya. Baba ya zame daga kan kujera ya zauna a ƙasa, kansa a sunkuye.

"Ubanka ne ya zaɓa maka sunan nan," in ji Iya. "An kwantar da mai sunanka, an ɗora wuƙa, Allah bai yarda ba. Kai ne za ka yanka? Ni na riƙe wa ubanka fitila yana ɗori, da rana kuma ina asibiti ina wanke abin da ɗori ya kasa. Shi ma ya sha karkata ƙashi, kuma bai mutu don an gyara ba. Ban taɓa roƙonka komai ba tunda na haife ka. Ba na son in sake."

Aka kira isha'i, Baba ya tashi ya sa takalmi ya fita. Iya ta koma baranda ta zauna, ni kuma na zuba mata shayi.

Da safe Umma ta tarar da fasfon Yaya da takardar sabuntawa a kan farantin karin kumallo, an sa hannu. Ta yi sujada a tsakar kicin. Ni kuwa na ruga baranda da kayan makaranta a jikina in gaya wa Iya, sai na tarar tana tsaye tana kallon ƙasa. Na leƙa. Baba ne a gaban babbar bolar hukumar gari da ke bakin titi, da jakar fatar nan a hannunsa. Yana ciro ƙulli ɗaya, ya kwance, ya zazzage garin a ciki, ya ciro wani. Ba cikin fushi yake yi ba, a hankali yake yi, kamar mai aikin da aka sa shi. Ya zubar da goran, ya zubar da kwalbar. Sannan ya naɗe jakar ya sa a hammata, ya nufi inda ake jiran bas.

Iya ta ga komai tar da sabon idonta. Ta ce, "Da ma na tsayar da labarin a kabarin."

Na fashe da kuka na ce ni ce na tambaya. Ta ce, "Ke kin tambaya, ni na faɗa, shi ya zaɓa. Kowa ya ɗauki kasonsa. Yalla, ki tafi makaranta."

Yaya ya dawo gida a ranar. Ya tsuguna ya gaishe da Baba, Baba ya amsa. Ba a yi masa baki ba, ba a kore shi ba, ya ƙare karatunsa. Amma daga ranar duk wanda aka kawo da karaya sai Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ku je asibiti, akwai yara masu ilimi." Sau uku Yaya yana aika Umma ta roƙa masa a koya masa abin gidansu, sau uku Baba yana yin kamar bai ji ba. Iya ta koma Jos da zafi ya shigo, bayan shekara biyu ta rasu. Ba ta ƙara ba ni labarin Maguzawan Turawa ba bayan wannan yammacin.

Na daɗe ina ɗaukar labarin nan a matsayin labarin kisa, ina kuma cewa mu dai Allah ya tsare mu, tunda takobi bai sauka ba. Sai da na yi 'ya'ya na gane cewa ɓarnar da ta fi daɗewa ba ta takobin ba ce. Yaro ɗaya takobi ya kashe. Kaɗe mayafin kuwa kowa ya shafa, har waɗanda ba a haifa ba. Ina son mahaifina, kuma na san ya yi abin da ya fi ƙarfin maza da yawa, ya haɗiye maganar da ya riga ya rantse a kai. Amma zuciyar da aka hana ta fita ta ƙofa sai da ta nemi taga. Na yi fushi da shi shekaru a kan haka, kuma ban daina ganin nawa kason ba.

Bayan Baba ya bar aiki duk mun koma Kano. Yaya ya sami aiki a wani asibitin ƙashi. A nan ne hawan jini ya kayar da Baba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Kullum bayan la'asar Yaya yakan zo ya yi masa gashi da hannunsa, yana lanƙwasa gaɓa yana miƙarwa, babu mai ce wa wani komai.

Wata rana ina zaune a gefe sai Baba ya yafito ni. Da ƙyar na gane abin da yake cewa: in ce wa yaron nan ya matso. Yaya ya matso. Baba ya kama tsintsiyar hannunsa da hagu, ya bi ƙashin da yatsa yana latsawa kamar yadda yake yi wa masu karaya, sannan ya fara magana. Ya yi kusan rubu'in awa yana yi. Daga yadda yake tsayawa yana ƙirgawa da yatsu, da yadda ya yi ƙasa da murya a ƙarshe ya tofa, na san abin da yake bayarwa. Na ɗauko takarda da biro, amma daga inda nake kalma biyu kawai na kama, marke da gabaruwa, waɗanda kowane yaro ya sani. Yaya dai kunnensa yana daf da bakin Baba, yana ta gyaɗa kai.

Da Baba ya gama sai ya tsura masa ido yana jira. Yaya ya ce, "Na ji, Baba. Na riƙe." Baba ya saki hannunsa, ya lumshe ido, ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba. Bayan kwana goma sha ɗaya ya rasu.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, na ja Yaya gefe da takardar nan a hannuna. Na ce ya faɗa mini duk abin da Baba ya ba shi in rubuta yanzu, kada ya sake ɓacewa. Ya daɗe yana kallon tsintsiyar hannunsa.

Ya ce, "Hindatu, ko kalma ɗaya ban ji ba."